Watandar kayan gyara: yadda masu tsohuwar Fijo 504 za su haɗa kuɗi a ƙera musu abin da ya ɓace a kasuwa

Duk wanda ya taɓa shiga watanda ya riga ya san rabin abin da zan faɗa. Mutum goma ne ko ashirin, babu mai ƙarfin sayen sa shi kaɗai, sai a yi karo-karo, a je kara a zaɓo, a yanka, a kasa, kowa ya ɗauki kasonsa. Haka masu tsofaffin motoci ke yi a ƙasashe da dama idan wani kayan gyara ya ɓace daga kasuwa. Sai dai akwai bambanci guda, kuma a kansa wannan jagorar ta tsaya: a watandar nama kana ganin san da idonka kafin ka zuba kuɗi. A watandar kayan mota kuwa abin da za ku saya bai wanzu ba tukuna. Da kuɗinku za a yi mazubin da za a zuba shi, kuma za ku jira watanni kafin ku riƙe shi a hannu.

Na ɗauki Fijo 504 a matsayin misali saboda tamu ce fiye da kowace mota. A Faransa aka fito da ita a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, aka daina yin salun ɗinta a can a 1983. Amma masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna, wadda ta fara harhaɗa motoci a 1975, ta ci gaba da fitar da ita har cikin shekarun 2000. Shi ya sa kayan inji, da na birki, da na ƙafa, har yanzu ana samunsu a Ƙofar Ruwa a Kano ko a Ladipo a Legas. Waɗanda suka yi wuya su ne ƙananan abubuwan da rana ke cinyewa: robar gilashin gaba, robar ƙofa, murfin danja, ragar gaba, 'yan maɓallan dashbod, hannun ɗaga gilashi. Motar tana tafiya lafiya lau, amma damina na sauka ruwa ya cika ƙasan kujera. Mai Marsandi W123, ko Bitil, ko tsohuwar Land Rover, zai iya bin matakan nan ba tare da ya sauya komai ba sai sunan mota.

Ku fara tabbatar da cewa abin ya ɓace da gaske

Ana yawan tsallake wannan, don ɗoki. Kafin a yi maganar ƙera komai, a ba wa mutum biyu wata guda su yi cigiya. A nemo lambar kayan daga tsohon kundin kayan gyara na kamfanin, domin da lamba ake bincike, ba da kwatance ba. A tambayi tsofaffin 'yan safaya a Kaduna da Kano, waɗanda wani lokaci suna da sababbin kaya na shekara talatin a bayan shago, ƙura kawai ta rufe. A tambaya a kasuwar kayan mota ta Suame da ke Kumasi a Ghana, da wajen masu fasa tsofaffin motoci a Yamai da Maraɗi. Sashen kamfanin Peugeot, wato Fijo, mai kula da tsofaffin motoci, wanda ke da gidan tarihi a Sochaux ta Faransa, yana sake fitar da wasu kayan. A Ajantina kuma an ci gaba da yin 504 har 1999, don haka akwai masu ƙera kayanta a can, sai dai a kula: 504 ɗin Ajantina ta shekarun ƙarshe an sauya mata fuska da fitilu, ba duk nata ke hawa tamu ba.

Idan wani yana yin abin a wani wuri, to aikinku ya zama sari kawai: ku haɗu ku saya da yawa, ku raba kuɗin dako. Wannan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Sai an tabbatar babu ne za a shiga maganar mazubi.

Abin da ya dace a yi watandarsa, da wanda bai dace ba

Ra'ayina a nan ba ya lanƙwasuwa. Duk abin da in ya karye mota za ta ƙwace, ba na watanda ba ne. Kayan birki, kayan sitiyari, mahaɗan ƙafa, bel ɗin kujera: waɗannan kamfanoni na gwada su da na'urorin da ba mu da su, kuma babu ɗaya daga cikinmu da zai so ya ji cewa abin da ya jagoranci ƙerawa ne ya halaka iyalin wani a hanyar Zariya. A saye su daga masu yinsu da suna, ko da tsada.

Don karon farko a zaɓi abu guda ɗaya tak, ƙarami, wanda kowa ke buƙata, wanda kuma ba ya sauyawa daga shekara zuwa shekara. Robar ƙofa ta fi murfin danja sauƙi, domin doguwar roba ana matso ta ne ta wani bakin ƙarfe mai siffar yankanta, kuma yin wannan bakin bai kai tsadar mazubin da ake ɗura narkakkiyar roba a ciki da ƙarfin inji ba. Murfin danja kuwa yana buƙatar mazubi na dama da na hagu, ga launi fiye da ɗaya, ga 'yan ƙurajen ciki masu watsa haske. A bar shi sai zagaye na biyu, bayan an san juna.

Sannan a tantance wace 504 ake nufi. Danjar salun daban, ta wagon daban, ta a-kori-kura daban. Ƙofofin baya na wagon ba irin na salun ba ne. Motar da aka harhaɗa a Kenya sitiyarinta a dama yake, tamu a hagu, tun da Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a 1972, don haka duk abin da ya shafi dashbod sai an duba. Kowane mai son shiga ya turo shekarar motarsa, da lambar shasi, da hoton gurbin da kayan zai zauna.

Samfur: nan ne ake cin nasara ko a faɗi

Masana'anta ba ta san motarka ba. Abin da ka miƙa mata shi za ta kwafa, har da aibinsa. Idan ka ba ta robar da ta shekara arba'in a ranar Sakkwato, wadda ta ƙanƙance ta bushe, za ta yi maka sabuwar roba mai girman busasshiya, ka zo sakawa ka tarar ba ta cika gurbi ba. Don haka a nemi samfur mafi lafiya da ake iya samu, in so samu ne wanda ba a taɓa ɗaurawa ba. In babu, a tara uku ko huɗu daga motoci daban-daban, a gwada su da juna, sannan a auna gurbin da ke jikin mota, domin ƙarfe ba ya ƙanƙancewa kamar roba.

A yi awo da ma'aunin baniya, wato ƙarfen awon nan mai muƙamuƙi biyu da masu sassaƙa ƙarfe ke amfani da shi, a rubuta komai da milimita. A samu wanda ya iya zanen injiniya a kwamfuta, ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha ma ya isa, ya fitar da zane mai lambobi. A jikin zanen a nuna wuraren da ba a yarda da kuskure ba, kamar tazarar ramukan noti, da wuraren da ɗan bambanci ba zai cutar ba. Mai ƙira yana son sanin wannan, don tsananta awo a inda ba a buƙata ƙarin kuɗi ne kawai.

Ga wani abu da masu zubin alminiyam na Panteka a Kaduna suka sani sarai, amma masu kai musu aiki ba su cika sani ba: narkakken ƙarfe yana tsukewa idan ya huce. Alminiyam yakan ragu da kusan kashi 1.3 cikin ɗari. Ke nan idan aka danna tsohon hannun ƙofa ko wani murfi mai tsawon santimita 30 cikin yashi aka zuba, sabon zai fito da ragin kusan milimita 4. A tukunya wannan ba komai ba ne. A abin da ke da ramukan noti kuwa, ya isa ya hana shi zama. Maganinsa shi ne a sassaƙa gwajin katako ko na roba wanda ya ɗan fi ainihin girma, sannan a huda ramukan bayan an zuba.

Sai maganar irin roba, wadda ita ce mutane suka fi raina wa. Ba duk baƙar roba ce ɗaya ba. Wadda ake kira EPDM tana jure rana da ruwa da zafi, ita ce ta ƙofa da gilashi, amma in ta haɗu da fetur ko baƙin mai sai ta kumbura ta lalace. Wadda ake kira NBR tana jure mai, amma in ka bar ta a rana sai ta tsattsage. A rubuta sunan irin robar a takarda, a rubuta taurinta da lambar ma'aunin Shore A, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a sa masana'antar ta auna taurin samfur mai lafiya ta faɗi lambar. Wanda ya ce wa masana'anta “roba mai kyau” kawai, ya ba ta izinin ta zuba masa mafi araha.

Wasu za su ce me zai hana a yi amfani da na'urar 3D, wadda ke narka zaren roba ta gina abu bisa zanen kwamfuta, tunda yanzu akwai masu ita a manyan garuruwanmu. Tana da amfani ƙwarai wajen yin gwaji kafin a kashe kuɗin mazubi, kuma ina ba da shawarar a yi hakan. Ga ƙananan maɓallai ma tana iya wadatarwa. Sai dai a tambayi irin zaren da za a yi aikin da shi. Wanda aka fi samu, PLA, yana fara laushi da zafi ya kai wajen digiri 60, kuma dashbod ɗin motar da aka rufe aka bari a rana a watan Afrilu yana iya wuce hakan. ASA ko nailan su ne suka fi dacewa da mu.

Wa zai ƙera?

A nemi farashi daga wuri uku aƙalla, a tura wa kowa zane iri ɗaya da tambayoyi iri ɗaya: nawa ne kuɗin mazubi, nawa ne kuɗin kowane guda, mene ne mafi ƙarancin adadin da za ku yarda ku yi, kwana nawa kafin samfurin gwaji, kwana nawa kafin sauran, gyara nawa za ku yi wa mazubi kyauta.

Kada a yi saurin tsallaka teku. Aikin zubin alminiyam, da lanƙwasa ƙarfe, da ɗinkin kujeru, ana yinsu a Kaduna da Kano. Nnewi a jihar Anambra tana da masana'antun kayan mota, har da na roba. Amfanin na gida shi ne za ka iya hawa mota ka je ka tsaya a kan aikin, ka biya da naira, ka mayar da abin da bai yi ba. Murfin fitila mai kyau kuwa, galibi sai an dangana da Taiwan, ko Sin, ko Turkiyya. In za a yi da na waje, a nemi wanda ainihin masana'anta ce, ba dillali mai hoton masana'antar wani ba. A buƙaci ya zagaya da waya ya nuna injinan kai tsaye, kuma a biya ta hanyar da ke riƙe kuɗi har sai kaya sun fito, ko ta asusun banki mai sunan kamfanin, ba na wani mutum ba.

Wani ƙaramin gargaɗi: kada a sa a buga tambarin zakin Peugeot ko sunan wani kamfani a jikin abin da kuka ƙera. Mallakarsu ne, kuma kayan da ke ɗauke da tambarin da ba a ba da izini ba jabu ne a idon doka, ko da ya fi na asali kyau.

Lissafi

Bari in sa lambobin misali don a ga yadda abin ke aiki. A ce mazubi naira miliyan 3 ne, kuma kowane saiti naira 12,000. Idan mutum 20 ne, kowa zai ɗauki 150,000 na mazubi, ya ɗora 12,000, ya zama 162,000. Idan 60 ne, 62,000. Idan 150 ne, 32,000. Kayan ɗaya ne, mazubin ɗaya ne, yawan masu zubi ne ya sauya farashin har ninki biyar. Wannan jadawalin shi za a nuna wa jama'a tun ranar farko, a kuma ja layi a fili: in ba mu kai mutum kaza ba zuwa rana kaza, an fasa, kowa ya karɓi kuɗinsa.

A kan wannan sai a ɗora sauran da ake mantawa. Kuɗin zane. Kuɗin aika samfur da dawo da na gwaji, wanda zai iya zama sau biyu ko uku. Cajin banki. Kwali da abin naɗewa. Dako. Kuɗin fito na kwastan da ladan wakilin da zai fitar da kaya. Idan kayan na da yawa har za su bi hanyar shigo da kaya ta kasuwanci, akwai takardun hukuma na shigo da kaya Najeriya, wato Form M da SONCAP, kuma wakili mai lasisi ne zai gaya muku wanda ya hau kanku. A tambayi masana'anta ko farashin da ta bayar na ƙofar masana'anta ne, ko har cikin jirgi, ko har ƙofar gidanku, domin tazarar da ke tsakaninsu babba ce.

Masu dakon jirgin sama ba nauyi kawai suke kallo ba, har da girman kwali. Kamfanonin aika saƙo na gaggawa sukan ninka tsawo da faɗi da tsayi da santimita, su raba da 5,000. Kwali mai 60 da 40 da 40 zai zama kilo 19.2 a lissafinsu, ko da murafun da ke ciki ba su kai kilo shida ba. Kayan roba masu ɗaukar wuri sun fi dacewa da jirgin ruwa, in za a iya haƙuri.

Sai canji. Wanda ya ga abin da ya faru bayan an saki naira a watan Yunin 2023, lokacin da dala a farashin hukuma ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, ba ya buƙatar dogon bayani. Watandar da aka tara da naira, aka ajiye wata huɗu, alhali da dala za a biya cikon, tana iya wayar gari rabinta ya narke ba wanda ya ci ko kobo. Idan da kuɗin waje za a biya, a canza su da zarar an tara, a kuma rubuta kason kowa da wannan kuɗin. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi suna da sauƙi a nan idan da yuro za a yi ciniki, tunda sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957.

Bayan duk wannan a ƙara kashi 15 cikin ɗari a matsayin ajiyar ko-ta-kwana, da sharaɗin cewa abin da ya rage za a mayar wa masu shi. A kuma yi odar abin da ya ɗara yawan masu zubi da kaɗan, saboda wani zai fashe a hanya, wani kuma bakanike zai yaga shi wajen sakawa.

A ƙirga kuɗi, kada a ƙirga hannuwa

Idan ka tambaya wa ke so, mutum ɗari za su ɗaga hannu. Ranar zubi sai ka ga talatin. Ba mugunta ba ce: wani ya sayar da motar, wani kuɗin makaranta ya taso masa, wani dama fatan alheri kawai yake yi. Don haka sunan da ya shiga rajista shi ne wanda ya ba da kafin alƙalami. A kasa biyan gida biyu ko uku: na farko ya ɗauki nauyin mazubi, na biyu bayan an amince da samfurin gwaji, na ƙarshe na dako. A faɗa tun farko cewa da zarar an biya masana'anta kuɗin mazubi, kason farko ba ya dawowa, amma mutum na iya sayar da gurbinsa ga wani.

Na taɓa shiga irin wannan haɗaka da ta watse, kuma har yau abin yana min ciwo, don ba kuɗin ne suka fi damuna ba, zumuncin da ya lalace ne. Mutumin da ya jagorance mu amintacce ne, bai ci kobon kowa ba. Kuskurenmu shi ne komai a kansa yake: kuɗi a asusunsa, lambar masana'anta a wayarsa, lissafi a cikin kansa. Da ya kwanta rashin lafiya sai komai ya tsaya cak, aka fara ƙananan maganganu, waɗanda suka kai kunnen iyalinsa. Tun daga nan ba na shiga sai an raba aiki tsakanin mutum uku: mai magana da masana'anta, ma'aji, da mai duba inganci, wanda ya kamata ya zama tsohon bakanike da ya san motar ciki da bai. A buɗe asusu na musamman da ba a fitar da kuɗi sai da hannun mutum biyu. Kowane rasit a nuna wa kowa. Ko babu sabon labari, duk mako biyu a fito a ce babu sabon labari, domin shiru shi ke haifar da zargi.

Kuma a rubuta. Wasu na jin nauyin cewa a yi takarda tsakanin abokai, kamar rashin yarda ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu. Malaman fiƙihu ma sun daɗe da tattauna cinikin abin da za a ƙera nan gaba, wanda suke kira istisna'i, kuma abin da suka nanata shi ne a fayyace siffar kaya da adadinsa da kuɗinsa yadda ba za a yi jayayya ba. Shafi ɗaya ya isa: mene ne za a yi, da wace irin roba ko ƙarfe, guda nawa, nawa kowa zai biya, yaushe, me zai faru in samfur bai yi ba, me zai faru in wani ya janye. Idan jagoran zai karɓi lada, ko a ba shi saiti ɗaya kyauta don wahalarsa, a rubuta shi ma. Ya cancanta, ɓoyewar ce ba ta da kyau.

Mazubin na wa ne?

Wannan tambayar ita ce mafi tsada a duk harkar, kuma ita aka fi mantawa da yi. Ku ne kuka biya kuɗin mazubi, amma a masana'anta zai zauna. In ba a rubuta komai ba, bayan wata shida za ku iya ganin kayanku a kasuwa a rabin farashin da kuka biya, tunda mai sayarwa bai kashe ko sisi a mazubi ba. A takardar ciniki a sa cewa mazubin mallakar 'yan watanda ne, ba a yi wa wani aiki da shi sai da izininsu a rubuce, za a adana shi shekara kaza, kuma suna da ikon ɗaukarsa. A sa a buga masa lamba, a turo hotonsa.

In kuma masana'anta ta ce za ta rage muku kuɗin mazubi da sharaɗin ta sayar wa wasu daga baya, wannan ma ciniki ne mai kyau a ganina. Burinmu kayan su wanzu, ba mu riƙe su mu kaɗai ba. Abin da ake so dai a yi shi da saninku, a kuma ga ragin a farashi.

Tsakaninku ma akwai magana. Waɗanda suka ƙi shiga sai da suka ga kaya sun iso za su zo suna nema. Adalci shi ne su biya ɗan ƙari a kan kuɗin ƙira, a zuba shi a asusun haɗaka ko a rage wa na farko, don su ne suka ɗauki kasada lokacin da abin yake cinikin biri a sama.

Samfurin gwaji

Kada a taɓa ba da umarnin a zuba duka bisa hoto ko bidiyo. A turo guda biyu ko uku, a ɗaura su a motoci daban-daban, tsohuwa da ta baya-bayan nan. In robar ƙofa ce, a rufe ƙofa a ji ko sai an doka da ƙarfi, a saka takarda tsakani a ja a wurare da dama a ji ko tana kamawa, sannan a sa mutum a ciki a watsa ruwa da tiyo na minti goma. In murfin danja ne, a kunna fitila da dare a jera shi da na asali, a duba ko jan ya yi fari-fari, a bar fitilar a kunne a ga ko zafin ƙwai zai lanƙwasa shi. A bar guda a kan rufin kwano mako biyu ko uku. Robar banza takan tona asirin kanta da wuri: ta yi fari, ko ta yi danƙo, ko ta bar baƙi a hannu.

Idan an sami aibi, a auna shi, a ɗauki hoto da ma'auni a jiki, a rubuta milimita nawa ya ragu ko ya ƙaru. “Bai zauna daidai ba” ba ta taimaki mai ƙira da komai. A yi tsammanin zagaye biyu na gyara, kuma kada matsin masu cewa an daɗe ya sa a amince da abin da mai duba inganci bai gamsu da shi ba. Da an amince, a sa hannu a jikin guda biyu, ɗaya ya zauna wajenku, ɗaya a masana'anta. Su ne alƙalai idan kaya suka iso aka ga bambanci. Cikon kuɗin masana'anta kuma kada ya fita sai an ga kayan a shirye, ta hannun wani naku da ke can ko kamfanin duba kaya.

Game da lokaci, duk abin da masana'anta ta faɗa a ninka shi kafin a gaya wa jama'a. Masana'antun Sin suna rufewa makonni a hutun sabuwar shekararsu, tsakanin Janairu da Fabrairu. A nan gida kuma ba a sa ranar zubi daf da azumi, ko babbar salla, ko lokacin komawa makaranta.

Ranar kasafi

Kwalaye su sauka wuri guda, a buɗe su a gaban mutum uku, a ƙirga, a gwada kowane ɗaya da wanda aka sa wa hannu, a ware masu aibi a sanar da masana'anta a ranar tare da hotuna. Daga nan sai rabo bisa rajista. Na cikin gari su zo su karɓa su sa hannu. Na nesa a aika musu ta tasha, kowa da kuɗin dakonsa, a rubuta lambar direba da ta mota, a naɗe abu mai fashewa da kyau. Doguwar roba kuma a naɗe ta da faɗi, kada a karya ta, don lanƙwasar da ta kwana a kwali ba ta cika miƙewa ba.

A haɗa wa kowa 'yar takardar yadda ake sakawa. Robar gilashi da igiya da ruwan sabulu ake shigar da ita, ba da sukundireba ba, kuma ba a shafa mata baƙin mai ko giris, tunda EPDM ce. A ba da wa'adin wata guda don kawo ƙorafi, a musanya daga rarar da aka ajiye. Bayan wa'adin ya cika, ma'aji ya fitar da lissafin ƙarshe, shiga da fita, ya mayar wa kowa canjinsa ko da naira ɗari biyar ce. Zanen, da takardar ciniki, da samfurin da aka sa wa hannu, da hoton mazubi mai lamba, a yi kwafinsu a ajiye wajen mutum biyu a garuruwa daban-daban, a kuma rubuta ranar da yarjejeniyar adana mazubin za ta ƙare, don a tuntuɓi masana'anta kafin ta sayar da shi a matsayin tsohon ƙarfe.